Tagogi Uku Masu Kallon Gari

A ƙaramin gidan da ke jikin ƙofar fadar Brassenac mutum biyu ne suka rage: Gaspard Teyssier, mai kula da fadar, da 'yarsa Noélie mai shekara goma. Ba su rasa itacen hura wuta ba, ba su rasa dankali ba, ga kaji shida a bayan gida. Maryse suka rasa, matar Gaspard, wadda ta cika da yammacin wata Lahadi a farkon watan Oktoba, bayan jinyar da ba ta kai sati uku ba. Daga ranar magana ta yi ƙaranci a gidan.

Masu fadar a Paris suke zaune, rabonsu da zuwa shekara huɗu ke nan. Baƙi kan tsayar da mota a gindin tudu su ɗauki hoton hasumiya su wuce, amma ba a shiga. Aikin Gaspard bai da wuyar faɗa. Fadar tana da taga hamsin da huɗu, kowace da ƙyaurenta na katako. Da safe ya bi su ya buɗe iska ta ratsa, kafin faɗuwar rana ya bi ya rufe. In aka bar su a rufe, dutsen ginin sai ya sha laima, fumfuna ta kama bango da littattafai da labule. Mahaifinsa ma aikin da ya yi ke nan har ƙafafunsa suka gaza. Gidan da suke ciki kuwa ba nasu ba ne, na duk wanda ke riƙe da makullan ne.

Tun ranar Litinin da ta biyo bayan rasuwar, Gaspard bai ƙara hawa tudun ba. Ba kwanciya ya yi ba. Kullum yana tashi a kan lokaci, ya aske gemu, ya sa rigar aiki, har ya maƙala makullan a ɗamararsa. Daga nan sai ya zauna a teburin kicin, ya ɗora hannuwansa biyu a kai, shi ke nan. In Noélie ta ajiye masa kofi ya sha. In ba ta ajiye ba bai tambaya.

Ita ma ba ta yi kuka ba. A wurin binnewa ta jira kukan ya zo bai zo ba, har ta ji kunyar matan da ke kallonta. Ji take kamar an cusa mata auduga a kunne, komai daga nesa yake zuwar mata. Tana zuwa makaranta, tana ba kaji hatsi, tana ɗumama miyar da ta iya dafawa, ta dankali da albasa. Kowace safiya in ta fito sai ta ɗaga kai ta dubi fadar a rufe, ta ƙara ɗaya a kan ƙirgen jiya.

A gidan burodi Madam Fourcade kan tambaye ta, "Yaya babanki, 'yata?"

"Lafiya lau."

"To, madalla. Ki gaishe shi."

Sai ta ƙara mata ɗan ƙaramin burodi mai sukari a cikin takarda, ta juya ga na bayanta.

Ranar Litinin ta huɗu wasiƙa ta zo. Da Noélie ta dawo daga makaranta ta same ta a buɗe a kan tebur, an danne ta da kwalbar gishiri. Daga Lauya Vialard take, wanda ke kula da harkokin masu fadar daga birnin Cahors. Ya yi ta'aziyya a layi biyu. Sannan ya ce labari ya iso masa cewa fadar ta daɗe a rufe, zai zo ranar Juma'a ya gani da idonsa. In kuwa aikin ya fi ƙarfin Teyssier, akwai wasu mata da miji da ke shirye su karɓi makullai da gidan.

Ta karanta sau uku a tsaye, jakarta a baya.

"Baba, ka karanta wannan?"

"Na gani."

"To ina za mu je?"

Ya dubi kwalbar gishirin. "Ki ci abinci," in ji shi.

Laraba ba makaranta. Da ta gama ba kaji, ta zo ta tsaya a gefensa ta kai hannu ga makullan da ke ɗamararsa. Bai dube ta ba, amma ya ɗan ɗaga gwiwar hannunsa don ta samu ta cire. Ta sa wasiƙar a aljihu, ta ɗauki fitilar hannu ta fita.

Babbar ƙofa sai da ta sa kafaɗa ta buɗu. Ciki duhu ne da sanyi, ga wari irin na rigar da aka ninke ba ta bushe ba. Hawan ƙasa ta san shi, don ta sha bin babanta a ranakun hutu. A ɗaga sandar ƙarfe, a ja gilashi ciki, a tura ƙyaure waje. Shi yakan yi da hannu ɗaya yana fito. Ita sai da ta jawo kujera. Katakon ya kumbura da danshi, wasu sai ta cire takalmi ta yi ta bugu kafin su saki. A taga ta tara sandar ƙarfen ta kuɓuce ta yanke ta a tafin hannu. Ta tsaya ta kalli jinin yana fitowa, ba ta ji zafi sosai ba. Ta naɗe da mayanin aljihu ta ci gaba.

Haske yana shiga ɗaki bayan ɗaki. A ɗakin littattafai ta ga baƙin tabo a kusurwar bango, faɗinsa kamar faranti. Ta shafa da yatsa, ya kama mata. Ta wuce.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta gama hawa na biyu. Saura na sama, inda babanta bai taɓa kai ta ba saboda tsayin matakalar. Ƙananan ɗakuna ne a jere, tagoginsu ba wuya. A ƙarshen lungun kuwa akwai wani babban ɗaki, gadonsa da kujerunsa duk an lulluɓe da farin ƙyalle. Dogayen tagogi uku ne a cikinsa, kuma an ɗaure sakatar kowace da igiya. Noélie ta ɗauka don iska aka ɗaure. Lauya zai zo ya ga hamsin da huɗu, ba hamsin da ɗaya ba. Ta kwance igiyoyin da haƙori, ta tura.

Daga gidansu ba a ganin wannan gefen na fadar, bango ya tare. Sai ga Brassenac gaba ɗayansa a ƙarƙashinta: rufin coci, makaranta, filin tsakiyar gari da famfonsa. Mutane ƙanana kamar wake. Ta ga wata mata ta tsaya cak a tsakiyar filin ta ɗora hannu a goshi tana kallon sama. Wani ya fito daga shago ya tsaya kusa da ita. Sai matar ta juya da sauri ta shige lungu. Noélie ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, ta riƙe hannunta mai ciwo. Ta gama. Ta jira ta ji daɗi, ko ta ji wani abu dai. Yunwa kawai ta ji.

Ba ta san iya zaman da ta yi ba. Ƙarar mota ce ta tashe ta, tana nishi a kan hanyar tudu. Ta ɗauka lauyan ne ya yi sammako da kwana biyu. Ta leƙa ta ƙaramar tagar matakala. Motar burodi ce ta tsaya a farfajiya. Madam Fourcade ta fito da dogayen burodi huɗu a naɗe cikin farin ƙyalle, ta canja riga. Magajin gari Anselme Roumégous ya fito ta ɗaya gefen da kwat ɗinsa na zuwa coci. Daga bayan motar suka sauko da tsohuwa Léontine, wadda ta yi shekara talatin tana wanki a fadar, riƙe da kwandon ƙwai.

"Gyara wuyan rigarka, Anselme," in ji Madam Fourcade. "Kamar wanda akuya ta tauna."

"Ke dai riƙe burodinki. Minti goma kika ba ni, har da aski."

"Askin ma rabi ka yi."

Léontine tana ta waige-waige. "Ni ban ga mota ba. Ina motar Barones, uwargidan fadar?"

"Wataƙila ta jirgin ƙasa ta zo," in ji magajin gari.

"Barones? A jirgin ƙasa? Da wannan ƙugun nata? Kai dai in ba ka san abu ba ka yi shiru," in ji Léontine.

Noélie ta sauko a hankali tana dafa bango. Da ta fito bakin ƙofa duk suka miƙe tsaye sosai, magajin gari har ya cire hula. Sai suka ga ita ce.

"A'a, Noélie," in ji shi. "Je ki ce wa Barones mun zo gaisuwa."

"Ba ta zo ba."

"Ɗanta ne ya zo?"

"Ba kowa. Ni kaɗai ce."

Léontine ta matso. "To wa ya buɗe ɗakinta?"

"Ni."

Tsohuwar ta ajiye kwandon a kan dakali. "Yarinya, waɗannan ukun ba a buɗe su sai masu gida suna nan. Tun zamanin kakan kakanki haka yake. In gari ya gan su a buɗe, an san a kawo burodi da ƙwai, magajin gari ya zo ya kwashi gaisuwa. Babanki ta ƙofa yake ba ɗakin iska. Ba ki ga igiya ba?"

"Na gani. Na ɗauka duka ake buɗewa."

Ba wanda ya yi dariya. Madam Fourcade ce ta lura da hannun. Ta danƙa wa magajin gari burodin kamar jariri, ta kama hannun ta kwance mayanin.

"Wayyo ni. Da me kika yi wannan? Ina babanki?"

"Yana kicin."

"Ba lafiya lau kike ce mini ba kullum?"

"Lafiyarsa lau. Zaune yake kawai."

Da ɗaya hannun ta zaro wasiƙar ta miƙa. Magajin gari ya rasa yadda zai karɓa da burodi a hannu, sai Léontine ta karɓa ta riƙe masa a gaban fuska. Ya karanta, leɓɓansa na motsi. Wuyansa ya yi ja har kunne.

"Me ya ce?" in ji Madam Fourcade.

"Zai zo jibi. In bai ga abin da yake so ba, zai ba wasu gidan."

"Kwana ashirin da uku fa a rufe," in ji Léontine. "Dole magana ta kai."

"Da huɗu," in ji Madam Fourcade. "Da yau ashirin da huɗu. Amma wane mai dogon baki ne ya kai maganar har Cahors?"

Magajin gari ya gyara riƙon burodin. Ya dubi takalminsa.

"Anselme."

"Ni na buga masa waya," in ji shi. "Ba ƙara na kai ba, na rantse. Cewa na yi mutumin nan yana cikin makoki, ko za a aiko wani ya kama masa na ɗan lokaci."

"Ka buga waya Cahors! Tudun nan taku nawa ne daga ofishinka, kai da Gaspard da kuka zauna benci ɗaya a makaranta?"

"Ke da kike ganin yarinyar kullum fa? Me kika yi, ban da burodi mai sukari?"

Madam Fourcade ta koma duba hannun yarinyar.

Noélie tana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Ƙirgen da ta ɗauka ita kaɗai ke yi, ga shi a bakinsu daidai, ba kuskuren ko kwana ɗaya.

"Ashe kun sani," in ji ta.

"Wa bai sani ba?" in ji Léontine. "Ni daga kan gadona nake hango hasumiya. Kullum da safe sai na ce yau dai zai buɗe."

"Me ya sa ba ku zo ba?"

Ba da fushi ta tambaya ba. Yadda take tambayar malamarsu abin da ba ta gane ba a darasi, haka ta yi. Magajin gari ya ce ai mutum in yana makoki ba a faɗa masa gida haka kawai, ana ba shi sarari. Sun ce in yana bukatar wani abu zai faɗa.

"Gaspard?" in ji Léontine. "Shekarar da ya faɗo daga tsani, da karyayyar ƙafa ya yi sati yana hawa benen nan kafin matarsa ta tona masa asiri." Ta ɗauki kwandonta. "Ku mu je. Ƙwan nan dai ba zan koma da su ba."

Suka gangara zuwa ƙaramin gidan, Noélie a gaba. Gaspard yana inda ta bar shi. Kofin safe ya huce a gabansa. Su uku suka cika kicin ɗin, suka tsaya ba wanda ya san inda zai sa kansa. Madam Fourcade ta karɓi burodin ta dire a kan tebur da ɗan ƙarfi.

"Gaspard, 'yarka ta buɗe fada. Ita kaɗai. Har ɗakin Barones, ga mu nan mun sha ado mun zo gaisuwa."

Ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallon kwat ɗin magajin gari kamar yana ƙoƙarin tuna inda ya san shi. Sannan ya juya ga Noélie.

"Kin sa ƙugiya?"

"Wace ƙugiya?"

"A jikin bango, ta waje. In ba a maƙala ba, iskar azahar za ta karya su."

"Ban sani ba, Baba."

Ya dafa tebur ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya miƙa hannu ta ba shi makullan. Idonsa ya sauka a kan yankan da ke tafinta, ya tsaya a nan kaɗan. Ya fita, magajin gari ya bi bayansa yana cire kwat.

Madam Fourcade ta wanke mata ciwon da ruwan ɗumi ta ɗaure. Léontine ta buɗe tukunyar miya ta sunsuna, ta ce, "Kwana nawa kuna cin wannan?" Ba ta jira amsa ba ta fasa ƙwai shida a kasko. Ta tagar kicin Noélie tana hango babanta a hawa na biyu, yana leƙowa daga taga zuwa taga yana maƙala ƙugiya. A hankali yake yi, ba fito. Magajin gari yana hawan ƙasa, ana jin yana zagin wata sakata.

Da suka dawo Gaspard ya koma kujerarsa ya ɗora hannuwansa a kan tebur kamar dā. An sa masa ƙwai da burodi ya ci rabi. A kansa aka yi rabon aikin, yana ji bai sa baki ba. Magajin gari zai riƙa yin hawan ƙasa kafin ya buɗe ofis. Mijin Madam Fourcade zai yi na biyu in ya gama gashi. Na sama na Gaspard ne, in ya iya. In bai iya ba a buga masa ƙofa har ya iya. Léontine ta ce tabon ɗakin littattafai nata ne, ta san abin da ake goge shi da shi, kada wani namiji ya taɓa mata.

"Ita kuma wannan," in ji Madam Fourcade tana nuna Noélie da cokali, "makaranta za ta. Kuma in na sake tambayarki babanki, kika ce mini lafiya lau, sai na ja kunnen nan."

Ranar Juma'a Lauya Vialard ya zo da ƙarfe goma. Noélie tana aji, ta taga ta ga baƙar motarsa ta hau tudu, bayan awa ɗaya ta sauko. Da ta koma gida ta tarar da makullan a rataye a ƙusa, babanta a zaune.

"Me ya ce?"

"Zai dawo bayan sabuwar shekara."

"Muna nan ke nan?"

"Muna nan tukuna."

Ta ajiye jakarta ta fita ba kaji hatsi. Audugar da ke kunnenta tana nan, kukan ma bai zo ba. Ta tsaya da kwanon a hannu tana kallon fadar, tagogin gefen da ke kallon gidansu duk a buɗe, kowane ƙyaure a maƙale. Abin da ta gane a wannan satin shi ne, duk kwanakin nan mutanen garin suna kallonsu kuma sun damu, amma ba za su taɓa hawowa ba sai an kira su, babanta kuwa ba zai taɓa kira ba. In ana bukatarsu, ita ce za ta riƙa faɗa.